Na haɗa abu biyu da kowa ya sani, sakamakon ya zo da ba-zata: zan samu takardar mallakar ƙirƙira?

Tambayar ta fito ne daga wani malami da ke koyarwa a kwalejin aikin gona. Ya gauraya man darbejiya da man kanumfari, kashi uku da kashi ɗaya, ya shafa wa wake, sai ya tarar haɗin yana kashe ƙwarin da ke huda wake a ajiya fiye da yadda kowane mai yake yi shi kaɗai, kuma da rata mai yawa. Lauyan da ya fara tuntuɓa ya ce kada ya ɓata kuɗinsa, domin kowa ya san darbejiya na maganin ƙwari, kanumfari ma haka, haɗa su kuwa abu ne da yake a fili. Wani abokin aikinsa ya ce a'a, tunda sakamakon ya ba kowa mamaki ai magana ta ƙare, takarda tasa ce. Yana son sanin wa ke da gaskiya.

Malam, Allah ya ƙara basira. Lauyan nan ya yi saurin rufe ƙofa, abokin aikinka kuma ya yi saurin yi maka albishir. Mamakin da doka take aunawa ba naka ba ne, ba kuma na abokan aikinka ba. Abin da take tambaya shi ne: kafin ranar da ka shigar da takardunka, masanin wannan fage na yau da kullum zai bi wannan hanya da kyakkyawan zaton cewa za ta ɓulle? In zai bi, to ko abin da ya tarar a ƙarshenta ya ba shi mamaki, da wuya ka tsira. In ba zai bi ba, ko kuma ba shi da dalilin sa ran abin da ka samu, a nan ne sakamakonka yake zama hujja mai nauyi.

Dokar Najeriya ta 1970 kan mallakar ƙirƙira da zane ta gindaya sharuɗɗa uku a sashenta na farko: abu ya zama sabo, ya zama ya fito daga aikin ƙirƙira, kuma a iya amfani da shi a masana'antu, wanda ya haɗa da noma. Mutane da yawa suna cakuɗa sharaɗin farko da na biyu, alhali ba ɗaya ba ne. Sabunta tambaya ce mai sauƙi: an taɓa bayyana wannan abin, shi kansa, a wani wuri? Dokar tamu ta faɗaɗa wannan sosai, ta ce duk abin da ya isa ga jama'a a ko'ina a duniya, a kowane zamani, ta rubutu ko ta baki ko ta amfani, yana cikin abin da aka riga aka sani. Saboda haka in wani ɗalibi a Indiya ya rubuta wannan haɗi da wannan ma'auni a kundin digirinsa, ko masu ajiyar wake a wani ƙauye sun daɗe suna yi a bainar jama'a, zance ya mutu tun a matakin farko. Sakamakon ba-zata ba ya farfaɗo da abin da ba sabo ba. Darbejiya kuwa tana da tarihi a wannan fage. A 1994 ofishin mallakar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace tare da ma'aikatar noma ta Amurka takarda a kan amfani da man darbejiya wajen kashe cutar fumfuna a jikin shuka. Aka ƙalubalance ta da shaidar cewa a Indiya an riga an yi irin wannan aiki, aka soke ta a shekarar 2000, ɗaukaka ƙara ma ta faɗi a 2005. Duk mai duba takarda da ya ga sunan darbejiya zai buɗe ido sosai.

Mu ɗauka ka tsallake wannan, ba wanda ya taɓa bayyana haɗinka. Sharaɗi na biyu shi ne inda gizo ke saƙar. Dokarmu ta ce abu ya fito daga aikin ƙirƙira idan bai biyo a fili daga ilimin da ake da shi ba, ko ta fuskar hanyar yinsa, ko yadda aka yi amfani da ita, ko haɗa hanyoyi, ko kayan da aka samar, ko kuma sakamakon da yake bayarwa a aikace. Ka lura da gaɓar ƙarshen nan. Ita ce ƙofar da hujjarka za ta shiga a kotun Najeriya.

A fili ga wa? Ba ga ɗan kasuwa mai sayar da wake a Dawanau ba, ba kuma ga babban farfesan da ya fi kowa a duniya ba. Doka ta ƙaddara wani mutum ne na tsaka-tsaki, wanda ya ƙware a sana'ar, ya karanta duk abin da aka wallafa, yana yin gwaje-gwajen da aka saba, amma ba shi da baiwar ƙago sabon abu. Tunanin ya samo asali tun 1851, a shari'ar Hotchkiss da Greenwood a kotun ƙolin Amurka. Wasu mutane sun yi mariƙin ƙofa da yumɓu a maimakon katako ko ƙarfe. Ya fi araha, ya kuma yi kyau, amma kotu ta ce sauya kayan aiki kawai aikin gwanin makaniki ne, ba na mai ƙirƙira ba. A 1952 Amurka ta sa wannan ma'auni a sashe na 103 na dokarta, ta ƙara da cewa yadda aka kai ga ƙirƙira ba ya rage mata daraja. Wato ko shekara goma ka yi kana wahala, ko tuntuɓe ka yi da ita da rana ɗaya, duk ɗaya ne. Wannan ya kamata ya kwantar maka da hankali ta wani gefe, ya kuma tashe ka ta wani gefen: ba za a hukunta ka don sa'a ba, ba kuma za a ba ka lada don gumi ba.

A 2007, a shari'ar KSR da Teleflex, wadda ta shafi haɗa totur ɗin mota mai daidaituwa da na'urar lantarki mai auna matsayinsa, kotun ƙolin Amurka ta ƙara wa wannan mutum wayo. Ta ce ba inji ba ne, yana da dabara irin ta kowa, kuma idan akwai matsala sananniya da 'yan hanyoyi ƙidayayyu waɗanda ake iya hasashen ƙarshensu, zai gwada su. Abin da ya fito daga irin wannan gwaji, a mafi yawan lokuta, ba ƙirƙira ba ne.

Lauyanka a kan wannan ya tsaya, kuma yana da madogara. Akwai hukuncin Kerkhoven na 1980 a Amurka, kan haɗa garin sabulun wanki iri biyu, wanda ya ce idan abu biyu kowanne an san shi da aiki ɗaya, haɗa su don su yi wannan aikin dai, a kallon farko, abu ne a fili. Batunka ya faɗa cikin wannan tsaf. Amma kallon farko ne kawai. Ma'anarsa ita ce nauyin kawo hujja ya dawo kanka, ba wai an yanke hukunci ba.

Akwai kuma abin da lauyan bai yi la'akari da shi ba, wanda alƙalai da kansu suke tsoro. Ka san yadda kacici-kacici yake: kafin a faɗi amsa kowa ya yi tsuru-tsuru, da zarar an faɗa sai kowa ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Haka ƙirƙira take bayan an gan ta. A Ingila wata mata, Mandy Haberman, ta yi kofin shan ruwa na yara wanda ba ya zuba ko an kifar da shi. Dabarar ba ta wuce wata 'yar roba mai tsaga a bakin kofin ba, tana buɗewa idan yaro ya tsotsa, ta rufe idan ya saki. Wani kamfani ya kwaikwaya, ya ce wannan ai kowa zai iya. A 1999 kotu ta ba ta gaskiya, kuma abin da ya yi tasiri shi ne matsalar ta daɗe, kayan aikin sun daɗe a kasuwa, kamfanoni suna ta fitar da kofuna masu yoyo, ba wanda ya yi, sannan da nata ya fito iyaye suka yi ta rububinsa. Sauƙin abu ba ya nufin a fili yake. Irin waɗannan shaidu, wato buƙatar da ta daɗe ba a biya ba, gazawar waɗanda suka gwada, karɓuwa a kasuwa, kotun ƙolin Amurka ta ambace su tun 1966 a shari'ar Graham da kamfanin John Deere.

A ranar da aka yanke wancan hukunci, 21 ga Fabrairu 1966, kotun ta yanke wani wanda nake so ka riƙe da kyau, domin ya fi kowanne nuna inda ba-zata take yin aiki. Wani mutum mai suna Bert Adams ya yi batir a gidansa. Sanda ɗaya ta maganiziyam, ɗayar ta wani gishirin jan ƙarfe, kuma ruwa kawai ake zubawa ya fara aiki, ko na sha ko na gishiri. Ana iya ajiye shi a bushe tsawon lokaci ba tare da ya lalace ba. Kowane ɗaya daga cikin kayan nan an san shi a harkar batir tun da daɗewa, don haka gwamnatin Amurka ta ce sauya wannan da wancan kawai ya yi. Sai dai batir ɗin ya yi abin da ba a zata ba: ƙarfin wutarsa ba ya sauka yayin da ake jan ta, kuma yana aiki cikin tsananin sanyi da tsananin zafi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ilimin lokacin yana hana mutum bin wannan hanya. Masana sun yi imani batir da yake ci gaba da aiki ko ba a jona shi ba, yana kuma ɗaukar zafi, ba shi da amfani, sannan batir mai tashi da ruwa ba ya yiwuwa sai da sinadaran da ke cinye maganiziyam. Da Adams ya kai wa sojoji a lokacin yaƙin duniya na biyu, masanansu ba su yarda zai yi aiki ba. Daga baya suka gane yana yi, gwamnati ta ba kamfanoni kwangilar ƙera shi ba tare da an sanar da shi ba. Kotu ta tabbatar masa da takardarsa. Dubi abin da ya taru a nan: masana sun ce kar a bi, ya bi, abin ya ɓulle, kuma rashin yardarsu a rubuce take.

To ga kishiyarsa, kuma ita ce za ta sanyaya wa abokin aikinka gwiwa. A 2019 kotun ƙolin Birtaniya ta yi hukunci kan tadalafil, maganin raunin gaba na maza da ake sayarwa da sunan Cialis. An riga an san maganin, an kuma bayyana ƙwaya mai miligiram 50 a wata takarda da ta gabata. Masu sabuwar takardar sun gano cewa miligiram 5 kacal a kullum yana aiki, illarsa kuma kaɗan ce. Alƙalin farko ya yarda cewa wannan abin mamaki ne, masana ba za su zaci hakan ba, ya ba su gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe, kotun ƙoli ta goyi bayanta. Dalilinsu shi ne duk wanda zai fitar da magani dole ya yi gwajin gano adadin da ya dace. Zai fara da 25 da 50 da 100, ya ga duka ukun aikinsu ɗaya, abin da zai sa shi ya sauko ƙasa don ya ga inda aikin yake fara raguwa, kuma a wannan saukowar zai ci karo da 5. Mamakin gaskiya ne, amma yana zaune ne a kan hanyar da kowa zai bi ko ba jima ko ba daɗe. Ofishin Turai ma yana da irin wannan ra'ayi: idan hanya ɗaya ce tilo a gaban masani, ƙarin amfanin da ya tsinta a kanta gyara ce kawai, ba ta mayar da aikin ƙirƙira.

Haka ta faru da amlodipine, maganin hawan jinin nan da ke kowane kemis a ƙasar nan. Ana haɗa irin wannan magani da wani sinadari ya zama abin da masana ke kira gishiri. Nau'in gishirin da kamfanin Pfizer ya fara amfani da shi yana manne wa injin buga ƙwaya, kuma ba ya jure ajiya. Suka gwada wasu, suka samu wanda ya fi. A 2007 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta soke da'awarsu, wato abin da suka rubuta a takardar cewa nasu ne, domin akwai jerin gishiri 53 da aka riga aka wallafa cewa ana amfani da su a magunguna, wanda suka zaɓa yana ciki, kuma bin jerin aiki ne na yau da kullum.

Shekara guda bayan haka kotun nan dai ta tabbatar da takardar Plavix, maganin hana daskarewar jini na kamfanin Sanofi. Sinadarin yana zuwa ne a siffa biyu a gauraye, ɗaya hoton madubin ɗaya, ana kiran su na dama da na hagu. Raba irin waɗannan ba baƙon abu ba ne ga masana. Abin da aka saba gani shi ne wanda ya fi ƙarfin magani shi ne kuma ya fi guba. A nan sai aka tarar na dama ya kwashe dukkan amfanin, na hagu ya kwashe gubar da ke taɓa jijiyoyi har ta sa dabbobin gwaji farfaɗiya. Masanan ɓangarorin biyu sun yarda irin wannan rabuwa ba kasafai ake samunta ba, kuma ba a iya hasashenta. Bambancin da ke tsakanin wannan da amlodipine shi ne abin da kotuna ke nema: can an samu abu ya ɗan fi kyau a ma'aunin da aka sani, nan an samu wani hali dabam gaba ɗaya.

Yanzu mu dawo kan wakenka, domin a nan ne nake ganin aikin yake.

Ka ce haɗin ya fi kowane mai shi kaɗai. Wannan bai isa ba, domin abin da kowa zai zata ke nan. Magani biyu masu kisa sukan fi ɗaya. Abin da za ka nuna shi ne haɗin ya wuce abin da lissafi ya ce za a samu in kowanne yana aikinsa ba ruwansa da ɗan'uwansa. Masu harkar magungunan gona suna amfani da lissafin Colby, wanda aka wallafa a 1967. A ce man darbejiya ya kashe 40 cikin 100, man kanumfari ya kashe 30 cikin 100. Ba 70 ake tsammani ba, domin na biyun yana aiki ne a kan 60 ɗin da suka tsira daga na farko, 30 cikin 100 na 60 kuwa 18 ne. Abin da ake tsammani 58 ke nan. In haɗinka ya ba da 62, ba ka da magana. In ya ba da 95, kuma ya maimaita hakan a gwaji bayan gwaji, to ka fara samun abin riƙewa. Ka tabbata kuma yawan kowane mai a cikin haɗin daidai yake da yawan da ka gwada shi kaɗai, in ba haka ba lissafin ya rushe.

Sai abubuwa biyu da nake fargabar su yaudare ka. Na farko, mai shi kansa, kowane iri ne, yana cutar da wannan ƙwaro. Uwar tana manna ƙwanta ne a bayan ƙwayar wake, tsutsar ta huda ta shige ciki, bayan mako uku zuwa huɗu babba ya fito ya bar rami. Idan mai ya lulluɓe ƙwayar, ƙwan yakan mutu. Shi ya sa manoma suka daɗe suna shafa wa wake man gyaɗa. Saboda haka dole a jerin kwalabenka a samu wadda aka shafa wa man gyaɗa zalla, daidai yawan man da ke cikin haɗinka. Na biyu, iska. In ka toshe kwalabe gam da murfi, ƙwarin za su shanye iskar da ke ciki su mutu ko ba magani, wanda shi ne sirrin buhun nan mai leda biyu a ciki da jami'ar Purdue ta fito da shi, da manoman wake a Najeriya da Nijar suka sani sarai. Ga shi kuma man kanumfari yana da ƙamshi mai tashi, ƙarfinsa a rufaffen wuri ba ɗaya ba ne da a buhun da iska ke ratsawa. Ka rufe bakin kwalba da yadi mai raga, ka ɗaure da roba, ka zuba adadin ƙwari ɗaya a kowace, ka ƙirga matattu, ka ƙirga ƙwai a jikin wake, sannan ka jira ka ƙirga sababbin da suka fito da ramukan da suka bari. Lauyan abokin hamayya ba zai tsaya musu da kai kan doka ba in zai iya kawo masanin ƙwari ya nuna gwajinka yana da ɓaraka.

Kuma da wa za ka gwada kanka? Da abin da ya fi kusa da naka a cikin duk abin da aka wallafa, ba da wake marar magani ba. In akwai wanda ya taɓa haɗa man darbejiya da wani mai mai ƙamshi, shi ne abokin karawarka. A yayin wannan bincike ka sa ido ko za ka ga wani rubutu da ya ce man biyun nan ba sa jituwa, ko ɗaya yana rage ƙarfin ɗaya, ko haɗa su yana kashe tsiron iri. In ka samu irin wannan, ka adana shi da kyau, domin shi ne zai matsar da kai kusa da Adams.

Akwai kuskuren da masu ƙirƙira suke yawan yi saboda son kamun ƙasa da faɗi. Mutum ya gwada ma'auni ɗaya a kan ƙwaro ɗaya, sai ya rubuta da'awa cewa duk wani haɗin darbejiya da kanumfari, a kowane ma'auni, kan kowane ƙwaro, nasa ne. Hujjar ba-zata tana kare iya inda ta kai ne kawai. In uku da ɗaya ka gwada, ba ka da abin cewa game da ɗaya da tara. Ka gwada ma'auni da dama, sama da ƙasa. In ka tarar ƙarfin yana tashi ne a wani ɗan tsakani, a ce daga biyu da ɗaya zuwa huɗu da ɗaya, ya faɗi a wajensa, wannan ya fi maka komai, domin ya nuna akwai wani abu na musamman a wurin, kuma ya ba ka iyakar da za ka iya karewa. Da'awa 'yar ƙarama mai hujja ta fi babba wadda za a rushe gaba ɗaya.

Duk abin da ka samu ka sa shi a cikin takardar neman tun ranar farko, da alƙalumansa. Graham na shari'ar 1966 da na ambata, wanda ya kai John Deere ƙara a kan garmarsa, ya zo kotu yana cewa fifikon garmarsa shi ne haƙorinta yana lanƙwasa a sake idan ya ci karo da dutse. Kotu ta duba takardarsa ba ta ga inda ya ambaci hakan ba, ta ɗauke shi tunanin da ya zo daga baya. Amurka tana karɓar ƙarin gwaji da rantsuwa bayan an shigar da takarda. Turai ma, bisa hukuncin babban kwamitin ɗaukaka ƙararta na 2023, wanda shi ma kan haɗin magungunan ƙwari biyu aka yi shi, tana iya karɓa, amma sai amfanin da ake magana a kai ya kasance masani zai iya fahimtarsa daga abin da aka rubuta tun farko. Ƙarin shaida yana ƙarfafa abin da ka faɗa ne, ba ya ƙago abin da ba ka faɗa ba.

Wani abu kuma da yake damuna ƙwarai, domin na ga yana cutar da masu bincike a jami'o'inmu. Ofishin rajista da ke Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci, ba ya bincika ko abu sabo ne ko a fili yake. Sashe na 4 na dokar ya taƙaita aikin magatakarda ga duba cikar takardu, ya kuma ce ana bayar da takardar ne a kan kasadar mai ita, ba tare da tabbacin ingancinta ba. Wato kana iya samun takarda mai hatimi, ta shekara 20, a kan abin da ba zai tsaya minti goma a gaban alƙali ba. Gwajin gaskiya yana zuwa ne ranar da wani ya kwaikwayi kayanka ka kai shi Babbar Kotun Tarayya, shi kuma ya nemi a soke takardar. A ranar ne za a yi duk tambayoyin nan da na jero, kuma doka ta ba alƙali damar zama da masana biyu su ba shi shawara. Hukunce-hukuncen Amurka da Ingila ba su ɗaure kotunanmu ba, amma lauyoyi suna kawo su, musamman na Ingila, kuma ana sauraro.

In kana hangen kasuwar Nijar ko Kamaru ko Chadi, takardar Abuja ba ta kai can. Su suna ƙarƙashin OAPI, ƙungiyar mallakar fasaha mai hedikwata a Yawunde, takarda ɗaya ta game ƙasashenta duka. Gana da Sudan suna cikin ARIPO da ke Harare. Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya. Daga ranar da ka shigar a Abuja kana da wata 12 ka shigar a waje da wannan ranar ta farko. Najeriya ta shiga PCT, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta neman takardar mallakar ƙirƙira a ƙasashe da dama, a 2005, kuma amfaninta gare ka shi ne wani ƙwararren mai bincike zai duba abin da aka wallafa a duniya ya rubuto maka ra'ayinsa kan sabunta da kuma ko abin a fili yake. Wannan ra'ayin ya fi hatimi amfani idan za ka zauna da mai zuba jari. NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta, tana taimaka wa masu bincike wajen shigar da takardu a gida, ka tuntuɓe ta ta ofishin da ke kula da mallakar fasaha a makarantarku in akwai. Ka duba takardar ɗaukarka aiki ma, domin abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa, a dokarmu, haƙƙin yakan koma ga wanda ya ɗauke shi aiki.

Kafin duk wannan, Malam, don Allah ka riƙe bakinka. Kada ka gabatar da shi a taron ƙara wa juna sani, kada ɗalibi ya sa shi a kundin da za a ajiye a laburare, kada ka raba wa manoma su gwada ba tare da yarjejeniyar sirri ba, kada ka sa hoton kwalabe da bayani a Facebook. Abin da ka bayyana da kanka yana shiga cikin abin da aka riga aka sani, a yi amfani da shi a kanka. Rangwamen da dokarmu ta yi na wata 6 ne, kuma ga wanda ya nuna kayansa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi kaɗai.

A yadda ka kawo batun yanzu, da ma'auni ɗaya da kwatanci da man biyun kawai, ina ganin lauyanka zai yi nasara a kanka in aka je gaban mai bincike na gaske. In ka dawo da teburin da ya nuna ma'auni biyar ko shida, da kwalbar man gyaɗa a gefe, da lissafin Colby a kan kowane layi, kuma ratar ta tsaya da girmanta a wani tsakani da za a iya zana wa iyaka, zan ce a rubuta da'awa a kan wannan tsakanin a shigar ba tare da jinkiri ba.